Benen da John Marin ya zana ya karkace, bai iya zane ba ne?

Ɗan'uwa, ka ce ka ga hoton wani zane da John Marin ya yi na dogon benen Woolworth da ke New York, da fentin ruwa, benen ya karkace kamar zai kifo kan mutane, kala ta zuba ta ko'ina, wani ɓangaren takardar ma ko taɓa shi ba a yi ba, amma wai yana ajiye a babban gidan adana zane na ƙasa a Washington. Kana tambaya shin mutumin bai iya zane ba ne, ko kuwa Turawa ne kawai da son zuzuta abin da bai kai ya kawo ba.

To mutumin dai ya iya zane, ya iya sosai ma. Da gangan ya karkatar da benen, kuma in ka san inda ya fito za ka ga ba ƙaramin aiki ba ne mutum irinsa ya yarda ya lanƙwasa layin da ya san yadda ake miƙe shi.

An haifi Marin a 1870 a jihar New Jersey, mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan kwanaki, sai ya tashi a hannun kakanninsa da 'yan'uwan mahaifiyarsa a Weehawken, garin da kogin Hudson ne kawai ya raba shi da Manhattan, wato tun yana yaro yake hango birnin daga tsallake yana ganin yadda yake tsawo. Kafin ya zama mai zane sai da ya yi shekaru yana aiki a ofisoshin masu tsara gine-gine, aikin rula da kwamfas, inda in layi ya goce kaɗan sai an sake. Ya kusa shekara talatin kafin ya shiga makarantar koyon zane ta Pennsylvania a Philadelphia a 1899. A 1905 ya tafi Paris, kuma abin da ya riƙa ci da shi a can shi ne zanen da ake kartawa a jikin farantin tagulla da allura sannan a buga a takarda, hotunan tsofaffin coci-coci da gadoji da lungunan Paris da Venice da Amsterdam. Ka nemi waɗannan ka gani. Taga na wurinta, ƙofa na wurinta, komai tsaf, irin salon Whistler, wani shahararren mai zane Ba'amurke, da ake yayi lokacin, masu yawon buɗe ido suna saya. Wanda ya yi waɗancan ba za a ce bai san yadda bene ke tsayawa ba.

Abin da ya canza shi biyu ne, mutum ɗaya da birni ɗaya. Mutumin shi ne Alfred Stieglitz, mai ɗaukar hoto da ke da wani ɗan ƙaramin ɗakin baje kolin zane a gida mai lamba 291 a titin Fifth Avenue, har sunan wurin ya koma 291 kawai. Edward Steichen, abokin aikin Stieglitz, ne ya ga aikin Marin a Paris ya haɗa su, aka fara nuna zanensa a wurin a 1909. A wannan ɗan ɗakin ne aka nuna zanen fentin ruwa na Cézanne, mai zanen Faransa, a 1911, a shekarar kuma aka nuna Picasso, lokacin da yawancin Amurkawa ko sunayensu ba su sani ba. Na Cézanne ɗin nan ka riƙe shi, don shi ne ya nuna cewa za ka iya ɗiga kala kaɗan nan kaɗan can ka bar farar takarda ta ƙarasa sauran aikin, kuma a ce zane ya kammala.

Birnin kuwa, Marin ya dawo ya tarar ba New York ɗin da ya bari ba ce. An buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa a 1904, dab da tafiyarsa, ga jirgin da ke bi ta kan gadar ƙarfe a saman tituna yana girgiza tagogin mutane, ga baƙi suna ta sauka daga jiragen ruwa, a 1907 kaɗai sama da mutum miliyan ɗaya suka shigo ta tsibirin Ellis, a ƙidayar 1910 mutanen birnin sun haura miliyan huɗu da rabi. Sannan ga gasar tsawo. Tunda aka iya yin ƙashin gini da ƙarfe aka kuma samu lif, sai kowane attajiri yana so nasa ya fi na kowa, benen Singer a 1908, na kamfanin inshorar Metropolitan a 1909, sai Frank Woolworth mai kantunan kayan sisi da kwabo, inda komai senti biyar ne ko goma, ya ce a yi masa wanda ya fi duka. Cass Gilbert ne ya tsara shi, ya yi masa ado irin na tsofaffin majami'un Turai, tsawonsa mita 241, ya ci dala miliyan 13.5 kuma Woolworth bai ci bashin banki ba, kuɗi ya zube. Ranar 24 ga Afrilu 1913 shugaba Woodrow Wilson ya danna maɓalli daga fadar White House fitilun benen suka kama. Shi ne gini mafi tsawo a duniya har zuwa 1930.

Marin ya zana shi a 1912, ana cikin ginin ma, ba a gama ba. Kuma ba zane ɗaya ya yi ba, jeri ne, huɗu daga ciki suna Washington, masu lamba 28, 29, 31 da 32, kowanne tsawonsa bai wuce rabin mita ba. Shawarar da nake ba ɗalibai kullum ita ce kar ka kalli ɗaya, jera su ka kalla. A mai lamba 28 za ka gane benen sarai, yana tsaye, ƙananan gidaje sun kewaye ƙafarsa. Kana matsawa gaba sai ka ga abin ya fara motsi, gefen benen ya daina miƙewa, itatuwan da ke ƙasa da gidajen sun fara juyawa, sararin sama ya zama zane-zanen burushi da ke tafiya a karkace suna dukan ginin. Kafin ka kai 32 benen ya kusa narkewa, saura 'yan layuka da kala da ke nuna wani abu dogo na yunƙurin tashi. Mutum ɗaya, shekara ɗaya, gini ɗaya. Wanda bai iya ba ai ba zai iya sakin abu kaɗan-kaɗan haka ba, don sai ka riƙe abu kake iya sassauta shi.

To me yake nema? Shi da bakinsa ya faɗa a ɗan rubutun da ya yi wa baje kolinsa a 291 a farkon 1913. Ya yi tambaya, shin rayuwar babban birni ta tsaya ne a kan mutane da dabbobin da ke kan titi, gine-ginen su matattu ne? Ya ce shi a wurinsa birnin gaba ɗaya a raye yake, yana ganin manyan gine-gine da ƙanana suna faɗa da juna, wannan na turawa wancan na ja, gefe, sama, ƙasa, kuma aikinsa shi ne ya nuna wannan artabun amma cikin daidaito. Wannan na ƙarshen shi mutane ke mantawa. Ka dubi 'yan kokawa biyu da suka sarƙe a fili, kowa ya karkace, in ka cire ɗaya ɗayan faɗuwa zai yi, amma a haɗe ba mai faɗuwa. Haka zanen yake. In benen ya jingina hagu, duba da kyau za ka ga wani abu, ko layukan sama ko jerin ƙananan gidaje ko duhun wata bishiya, ya tura dama. Gwada da kanka, sa yatsa ka rufe wannan ɓangaren a fuskar wayarka, za ka ji hoton ya rinjaya gefe guda. Yaro in ya karkatar da gida a zanensa ba ya sa masa abin da zai tokare shi.

Akwai kuma gaskiyar ido a ciki. In ka tsaya a gindin gini mai hawa sama da hamsin ka ɗaga kai, gajimare na tafiya a bayansa, wallahi za ka ga kamar ginin ne ke tafiya yana zuwa kanka. Ga shi kuma ba a tsaye kake cak ba, ana bangazarka, kana kauce wa keken doki da mota, kana kallon sama kana kallon ƙasa. Layin da ya miƙe sak a takardar mai tsara gini yake, ko a hoton kyamarar da aka kafa a kan ƙafa uku. Marin ya san duka biyun, babban abokinsa ma mai kyamara ne, sai ya bar wa kyamara nata ya kama abin da ba ta iyawa.

Yanzu batun fentin ruwan, don nan ne abin ya fi min daɗi. Fentin ruwa garin kala ne kawai da aka kwaɓa da ƙaro, eh ƙaron nan dai na bishiyar dakwara da ake fitarwa daga Sudan da Chadi da arewacin Najeriya, wanda almajirai ke sawa a tawada don ta kama allo. Shi ke riƙe kalar a jikin takarda bayan ruwan ya bushe. Halinsa shi ne ana ganin abin da ke ƙarƙashinsa. Haske na ratsa kalar ya daki farar takarda ya dawo, shi ya sa yake da wani irin walƙiya da fentin mai ba shi da ita. Saboda haka a tsarin gargajiya ba a amfani da farin fenti, duk farin da ka gani takarda ce aka bari, kuma tun kafin ka tsoma burushi sai ka san inda za ka bari, don in ka shafa ka shafa kenan. Ana farawa da mai haske a ƙare da mai duhu. Fentin mai in ka yi kuskure sai ka bari ya bushe ka rufe da wani, kana iya yin wata guda a kan zane ɗaya. Wannan kuwa mintuna ne, in a hunturu ka gwada a wajenmu ma kafin ka wanke burushi ya bushe ya bar maka tabon gefe.

To wancan wurin da ka ce ba a taɓa ba, shi ne hasken rana a jikin benen. An lulluɓe benen Woolworth da farin yumɓu gasasshe mai ɗan ruwan madara, yana ƙyalli a rana, kuma babu fentin da zai ba ka wannan hasken kamar takardar kanta.

Kafin Marin, yawancin mutane sun ɗauki fentin ruwa abin ɗan gwaji ne kafin a yi na gaske da fentin mai, ko abin da 'yan matan gidan masu kuɗi ke koyo suna zana furanni. Ba wai babu gwanaye ba, akwai Turner a Ingila, akwai Winslow Homer da Sargent a Amurka, amma su teku da kwale-kwale da lambu suka fi yi. A ɗauki wannan abu mai laushi a tunkari ƙarfe da siminti da hayaniya da shi, a nan sabon abin yake. Kuma ya dace, don abu mai sauri sai kayan aiki mai sauri. Bai kuma bi shi a hankali yadda littafi ya ce ba. Yana zuba kala a jiƙaƙƙiyar takarda ta bazu yadda ta ga dama, nan kusa kuma ya ja burushi kusan busasshe a kan takarda mai kaushi kalar ta kama kan ƙurajen takardar kawai ta bar fari tsakani, ya sa tsumma ya tsotse wani wurin, ya kankare wani da wuƙa, ya murza da yatsa, ya zo da gawayi ko fensir ya tsaga layuka a kai. Da hannu biyu ma yake aiki, dama da hagu. Masu gyaran tsofaffin zane a cibiyar zane ta Chicago sun bi aikinsa da madubin ƙara girma kafin baje kolin da suka yi masa a 2011, kuma abin da suka nuna shi ne zanen da kake gani kamar an yi shi a numfashi ɗaya sau da yawa an koma kansa, an goge an sake. Saurin da kake gani shi ma aiki aka yi masa.

Wata guda bayan nunin 291 aka buɗe babban baje kolin nan da ake kira Armory Show, 17 ga Fabrairu 1913, a ɗakin atisayen sojoji da ke titin Lexington a New York, ayyuka wajen 1,300, wurin da talakan Amurka ya fara cin karo da sabon zanen Turai. An kai na Marin har da na Woolworth ɗin. Don haka tambayarka ba sabuwa ba ce, mutanen 1913 sun riga ka, zanen da Bafaranshe Duchamp ya kai wurin, na mai saukowa daga matakala, ma wani ɗan jarida cewa ya yi kamar bam ya tashi a masana'antar katakon rufi.

Za ka ga wasu na cewa kwaikwayon Turawa kawai ya yi. Gaskiya akwai kama, Robert Delaunay ya yi ta kakkarya hasumiyar Eiffel a zanensa tun 1909, ga kuma 'yan Italiyan nan masu kiran kansu 'yan gobe, mabiya Marinetti, da suka fitar da sanarwarsu a 1909 suna yabon gudu da inji. Marin yana Paris a shekarun, ba zai yiwu a ce iskar ba ta taɓa shi ba ko da shi ya fi son a ɗauka bai kula da su ba. Amma ni ban sa shi a layinsu. Su 'yan Italiyan aƙida ce da su, a rushe tsoho a bauta wa inji, har yaƙi suka yaba. Marin ba ruwansa da wannan, yana son ɗora tsohon cocin St. Paul ɗan ƙarami a gaban sabbin dogayen benaye ya ga yadda za su zauna tare, kuma daga 1914 ya fara zuwa gaɓar tekun jihar Maine inda ya riƙa zana duwatsu da igiyar ruwa da irin wannan turawa da ja ɗin. Wato shi bene da dutse duk abu ɗaya ne a idonsa, nauyi ne da ke danna wani nauyi.

In kana son ganin inda abin ya kai, nemi wanda ya yi a 1922 na ƙasan Manhattan, yana gidan adana zanen zamani na MoMA a New York. Wannan karon ya hau can saman benen Woolworth ɗin ne ya leƙo ƙasa. Tituna da rufin gidaje sun tarwatse daga tsakiya kamar an jefa dutse a gilashi, baƙaƙen layukan gawayi masu kauri sun fita ta ko'ina, can gefe ga kogi da gada. A ƙasan hoton akwai wani abu mai kamar tauraro, rawaya, wanda ba fenti ba ne a jikin takardar, wata takarda ce daban ya yanka ya ɗinka da zare, da zare fa, kana iya ganin ɗinkin. Wannan ita ce ƙubbar zinare ta ginin jaridar World ta Joseph Pulitzer yadda take ƙyalli in ka hango ta daga sama. An rushe ginin jaridar a tsakiyar shekarun 1950 don faɗaɗa hanyar hawa gadar Brooklyn. Gadar ma ya zana ta sau da yawa, akwai na wajen 1912 a gidan tarihi na Metropolitan inda igiyoyin ƙarfen da manyan ƙofofin dutsen suke kamar suna rawa, mutanen da ke tsallakawa kuwa ɗigo-ɗigo ne kawai. A shekarun 1920 ɗin ya ƙara wata dabara, sai ya ja wasu karyayyun layuka a gefe-gefen takardar su zama kamar firam a cikin firam, don kar hargitsin ya zube waje. Firam ɗin katako ma sau da yawa shi ke ƙerawa ya yi masa fenti da kansa.

Inda zan ba ka gaskiya shi ne batun zuzutawa. Suna a harkar zane ba ya zuwa da iyawa kaɗai, sai da mai tallata ka. Stieglitz ya riƙe Marin kusan shekara arba'in, yana nuna aikinsa kusan duk shekara a 291, da aka rufe shi a 1917 ya ci gaba a wasu ɗakunan biyu da ya buɗe daga baya, yana nemo masa masu saye yana tsawwala kuɗi, har Stieglitz ɗin ya rasu a 1946. Da haka MoMA ta yi wa Marin babban baje koli a 1936, a 1948 kuma mujallar Look ta tambayi shugabannin gidajen zane da masu sharhi suka sa shi na ɗaya a masu zanen Amurka. Akwai irinsu Abraham Walkowitz da suka zana wannan birnin da irin wannan zafin a lokaci guda amma ba su samu rabin wannan gatan ba. Sannan ba duk abin da Marin ya yi ne ya yi kyau ba, ya yi dubbai kafin ya rasu a 1953, wasu na baya-bayan nan za ka ji hannu ne kawai ya saba, layukan karkacen sun zama ɗabi'a. Ni abin da ya fi damuna da zanensa na birni ma shi ne mutane, duk sun koma ɗigo, leburan da ya hau ƙarfen nan ba ka ganin fuskarsa, in wannan kake nema sai ka koma wajen John Sloan da George Bellows da suka zana talakawan birnin a shekarun. Amma na Woolworth na 1912 da wancan na 1922, a'a, waɗannan sun ci wurinsu.

Abu ɗaya da za ka sani in Allah ya kai ka Washington, ba lallai ka tarar da su a bango ba. Haske na cinye fentin ruwa, kalar ta kan koɗe takardar ta yi ja, don haka ana fito da su na 'yan watanni ne a ɗaki mai ƙarancin haske a mayar cikin akwati. Hotunan da gidan ya sa a intanet sun fi wanda ka gani yawo a waya kyau nesa ba kusa ba, buɗe su a kwamfuta in da hali, ka ja hoton ya girma a daidai gefen benen, za ka ga layin fensir ɗin da ya fara ja a ƙarƙashin kalar da inda burushi ya bi shi da inda ya ƙi bi.